Kutse a Layin Wutar Lantarki na Zamani: Tambayoyi da Amsoshi kan Gano Shi da Tare Shi

Me ya sa layin wuta na zamani ya fi na da shiga haɗarin kutse?

A da, in za a katse wani layi, sai ma'aikaci ya je ƙaramar tasha da ƙafarsa ya buɗe bireka, wato babban makunnin da ke katse layin. Yanzu daga ɗakin kula ake danna umarnin a manhajar SCADA mai sarrafa tashoshi daga nesa, ya bi hanyar sadarwa zuwa na'urar RTU, mai karɓar umarni a tashar, ita kuma ta isar wa rile, wato na'urar kariyar layi, rile ya buɗe bireka. Ga mitoci masu aiko da karatu da kansu, ga inbatocin sola, ga wuraren cajin mota, kowanne da kafarsa ta sadarwa. Duk kafar da umarni ke bi, mahari ma zai iya bi.

Babbar matsalar tana cikin yaren da na'urorin ke magana da shi. Modbus, ɗaya daga cikin waɗannan yaruka, tun 1979 aka ƙirƙiro shi, don wayoyin da ba sa fita daga katangar masana'anta, kuma ba ya tambayar wa ya aiko saƙo. DNP3 da IEC 60870-5-104 ma a asalinsu haka suke. Duk wanda ya isa ga na'urar ya yi mata magana da yarenta, za ta yi masa biyayya.

An taɓa kashe wuta ta hanyar kutse da gaske?

An taɓa. Ranar 23 ga Disamba 2015 aka kai hari kan kamfanonin rarraba wuta uku a Yukiren, masu amfani da wuta kimanin 225,000 suka zauna a duhu na tsawon awa ɗaya zuwa shida. Yadda aka bi aka yi shi ne ya cancanci nazari, domin har gobe ita ce hanyar da aka fi jin tsoro.

Watanni kafin ranar, an aika wa ma'aikata imel ɗauke da takardun Office masu ɓoyayyen umarni. Wanda ya buɗe ya kuma amince, sai manhajar BlackEnergy 3 ta sauka a kwamfutarsa. Daga nan maharan suka yi zamansu a hanyar sadarwar ofis suna tattara kalmomin sirri, har suka samu na VPN, wato hanyar da ake shiga ɓangaren SCADA da ita daga nesa. Ran da suka tashi, da kwamfutocin ɗakin kula suka yi aikin. Ma'aikata suna kallo alamar linzami tana yawo a allo tana buɗe bireka ɗaya bayan ɗaya, su kuma an hana su iko da ita. Sannan suka lalata manhajar cikin akwatunan da ke haɗa tsofaffin wayoyin tasha da sabuwar hanyar sadarwa, don kada a iya rufe birekan daga nesa. Suka goge kwamfutoci da manhajar KillDisk, suka kashe batirin ko-ta-kwana na ɗakin kula, suka cika layin wayar korafi da kiran banza. Abin da ya dawo da wuta shi ne ma'aikatan da suka bazu cikin tashoshi suna rufe bireka da hannu.

A Disamba 2016 aka sake kai wani kan tashar Pivnichna da ke arewacin Kiyef, wuta ta ɗauke kusan awa ɗaya. Wannan karon manhaja ce mai suna Industroyer, wadda ta iya yaren na'urorin da kanta, ba ta buƙatar mutum ya zauna yana dannawa. Sabon samfurinta ya ɓullo a Afrilu 2022, amma an gano shi kafin ya cimma burinsa.

To manhajar kashe ƙwayar cutar kwamfuta ba ta isa ba?

Ba ta isa ba. Tana neman baƙon fayil ne, alhali ainihin ɓarnar da halastaccen umarni ake yinta. Saƙon "buɗe bireka" da ɓarawo ya aika, harafi da harafi iri ɗaya ne da wanda injiniya ke aikawa kullum. Ɓarawon da ya shigo da makullin gida ba ya barin fasasshiyar ƙofa. Hukumomin tsaron Amurka sun bayyana cewa ƙungiyar da ake kira Volt Typhoon ta daɗe cikin hanyoyin sadarwar wasu muhimman ma'aikatu tana amfani da kayan aikin da Windows ke zuwa da su, ba tare da ta sauke wata baƙuwar manhaja ba.

Don haka tambayoyin da ke kama mahari su ne: wa ya ba da umarnin, daga wace kwamfuta, da ƙarfe nawa, akwai takardar izinin aiki da ta dace da shi, kuma abin da ya faru a layin ya yi daidai da abin da allo ke nunawa? Duk tsarin gano kutse da ba ya amsa waɗannan, rabin aiki yake yi.

Ta yaya ake sa ido a hanyar sadarwar tasha ba tare da an tayar da na'urori ba?

Da saurare kawai, ba da tambaya ba. Irin laluben da ake yi wa kwamfutocin ofis, inda manhaja ke ƙwanƙwasa kowace kafa ta ga wadda za ta amsa, yana iya sa tsohuwar RTU ko rile ta sanƙare ko ta sake tashi. A tasha mai aiki wannan ba abin wasa ba ne. Abin da ake yi shi ne a saita kafa ɗaya ta akwatin haɗa wayoyi ta riƙa kwafo duk saƙon da ke wucewa, ko a saka na'urar tsotso a kan wayar, a kai kwafin ga kwamfutar da ba ta aika komai cikin layin. Na'urar tsotso ta fi aminci, domin kafar kwafi takan zubar da saƙonni idan zirga-zirga ta yi yawa. Manhajojin saurare Zeek da Suricata kyauta ne, kuma suna karanta Modbus da DNP3.

Mataki na gaba shi ne koyon yadda tashar take in lafiya lau. A nan layin wuta ya fi ofis sauƙi: na'urori kaɗan ne, abokan maganarsu sanannu ne, lokacin tambaya da amsa a tsare yake. Makonni kaɗan na saurare sun isa a rubuta wa ke magana da wa, amma a tabbata an haɗa da ranakun gyara. Kuma kada a ɗauka duk abin da aka gani a lokacin koyo halas ne. In maharin ya riga ya shiga, za a koya wa na'urar cewa shi ma ɗan gida ne. Sai injiniyan da ya san tashar ya bi jerin da idonsa.

Daga nan sai a ɗaura ƙararrawa a kan abubuwa takamaimai. Sabon adireshi da ya fara magana a kafa ta 502, ta 20000 ko ta 2404, wato ta Modbus, DNP3 da IEC 104. Umarnin rubutu na Modbus, lamba 5, 6, 15 da 16, daga kwamfutar da aikinta karatu ne kawai. A DNP3, lamba 13 da 14 masu sake tayar da na'ura, da lamba 21 mai hana ta kawo rahoto da kanta, wanda hanya ce ta rufe wa ɗakin kula ido. A IEC 104, umarni nau'i na 45 da 46 suna bin lambobin bireka a jere cikin daƙiƙoƙi, abin da hannun mutum ba ya yi. Sauya saitin rile ko ɗora masa sabuwar manhaja ba a ranar gyara ba kuwa, wannan a tashi mutum daga barci ne.

Mene ne harin cusa bayanan ƙarya, kuma me ya sa yake da wuyar kamawa?

Ɗakin kula ba ya yarda da kowane karatu kai tsaye. Akwai manhajar ƙiyasi da ke haɗa ɗaruruwan ma'aunai ta lissafa halin da layin yake ciki, sannan ta duba tazarar kowane karatu da abin da lissafi ya bayar. A ce megawat 100 na shiga wata tasha, layi ɗaya na fitar da 60, ɗayan 40. Idan mitar layi na biyu ta fara cewa 70, lissafi ba zai rufe ba, manhajar za ta jefar da karatun. Wannan ya isa ga mitar da ta lalace.

A 2009 masu bincike uku, Yao Liu, Peng Ning da Michael Reiter, suka nuna cewa wanda ya san taswirar layin zai iya sauya ma'aunai da yawa tare, ta yadda ƙaryar za ta yi daidai da kanta. Ya rage abin da ke shiga, ya rage abin da ke fita da gwargwado ɗaya, lissafi ya rufe, ƙararrawa ta yi shiru. Layin yana ɗaukar lodin da ya fi ƙarfinsa, allo na cewa da sauran wuri. Illar aiki da makantaccen allo an gan ta ranar 14 ga Agusta 2003 a arewa maso gabashin Amurka da Kanada. Ba kutse ba ne, kuskuren manhaja ne ya kashe ƙararrawar wani ɗakin kula, amma mutane kimanin miliyan 50 suka rasa wuta.

Maganin bai buƙatar a tsare kowace mita. Ana zaɓar wasu ma'aunai da suka isa su bayyana halin dukan layin, a tsare su sosai, su zo ta wata hanyar sadarwa dabam. Muddin maharin bai taɓa waɗannan ba, ƙaryarsa za ta ci karo da su. Na'urorin PMU, masu auna igiyar wuta tare da sahihin lokacin awon, sun dace da wannan aiki, don suna aiko da awo sau 25 zuwa 60 a daƙiƙa, yayin da SCADA ke yin ɗaya a 'yan daƙiƙoƙi. Ana kuma gwada karatun da hasashen lodi da tarihin ranaku irinta. Karatun da ya tsaya cak babu ɗan motsi ma abin zargi ne, domin lodi na gaskiya ba ya zama wuri ɗaya. Sau da yawa alama ce ana maimaita tsohon saƙo.

Ina ruwan agogo da tsaron wuta?

PMU tana auna kusurwar igiyar wuta ne, kuma kusurwa ba ta da ma'ana sai da sahihin lokaci. A layi mai bugu 50 a daƙiƙa, zagaye ɗaya milisakan 20 ne, digiri 360. Kuskuren milisakan ɗaya kacal ya zama digiri 18. Ma'aunin PMU na IEEE C37.118 ya yarda da kuskuren kashi 1 cikin 100, wanda bai wuce maikirosakan 31 ba. Lokacin kuwa galibi daga GPS ake ɗaukarsa, siginar da ke isowa ƙasa da rauni ƙwarai, wadda ƙaramar na'urar watsawa a kusa da tasha za ta iya danne ta da ta bogi. Mai wayo ba ya tsallakar da agogon, jan sa yake a hankali.

Ana tare wannan da agogo mai karɓa daga tsarin taurari fiye da ɗaya, kamar GPS da Galileo, da agogon cikin gida mai riƙe lokaci in an yanke sigina, da kuma lokacin da ke zuwa ta waya bisa ƙa'idar IEEE 1588. In biyu suka saɓa, a yi ƙararrawa, a daina amfani da awon har a gano mai gaskiya.

Cikin tashar fa, tsakanin rile da rile?

A tashoshin da ke bin ƙa'idar sadarwa ta IEC 61850, rile na sanar da junansu ta saƙon GOOSE, wanda dole ya isa cikin milisakan 3 zuwa 4 idan na katse layi ne. Saboda wannan gaggawa ba a cika kulle shi da lambobin sirri ba. Kowane saƙo yana da lamba biyu: stNum mai ƙaruwa in wani abu ya sauya, da sqNum mai ƙirga maimaici. Wanda ya jona laftof a akwatin tashar zai iya aika saƙo da stNum mafi girma, wasu na'urorin su karɓi nasa su yi watsi da na gaske. Mai saurare zai ga lambar ta yi tsalle, ko saƙo ɗaya yana fitowa daga wuri biyu. Ma'aunin tsaro na IEC 62351 ya tanadi hatimin tabbatar da mai aikawa, sai dai tsofaffin rile da yawa ba su iya shi ba. A irin wannan tasha, kashe kafofin da ba a amfani da su da kulle ƙofar akwatin da kwaɗo suna cikin tsaro na gaske.

Ana iya lalata injin kansa, ko ɗauke wuta kawai ake yi?

Ana iya. A 2007 cibiyar bincike ta Idaho a Amurka ta gwada a kan janareton dizal mai megawat 2.25. Aka riƙa buɗe birekansa ana rufewa a lokacin da bugunsa ya saɓa da na layin, kowane rufewa yana fizgar injin, har ya yi hayaƙi ya lalace. Gwajin Aurora ke nan. Kariyarsa ita ce rile mai duba daidaiton bugu kafin ya bari a rufe, kuma ya kasance ba a iya sauya saitinsa daga nesa. Babban taransifoma in ya ƙone, samun madadinsa yakan wuce shekara.

Mitoci masu wayo da inbatocin sola barazana ce ga babban layi?

Ɗaya ba komai ba ce, taronsu ne abin tsoro. Mitoci da yawa suna da makunnin yanke wuta daga nesa. In duk makulli ɗaya suke amfani da shi, wanda ya ciro shi daga mita ɗaya ya mallaki sauran. Saboda haka kowace mita da nata makullin, wanda tsarin sadarwar mitoci na DLMS/COSEM ya ba da damar yi, sannan a sa wa sabar, wato babbar kwamfutar da ke ba mitocin umarni, iyaka: kada ta yanke fiye da adadi kaza a awa ɗaya sai mutum na biyu ya amince. Satar wuta ta hanyar taɓa mita kuma ana kama ta da mitar da ke kan taransifoma. A haɗa karatun gidajen da ke ƙarƙashinsa, a cire asarar waya, abin da ya rage shi ne abin bincike.

Inbatoci sun fi wuya, domin yawancinsu sabar kamfanin da ya ƙera su suke saurara ta intanet, ba ɗakin kula ba. Layin nahiyar Turai an tsara ajiyarsa ta gaggawa ne don jure asarar megawat 3,000 a lokaci guda, kuma akwai masu ƙera inbata da abin da ke ƙarƙashin sabarsu ya haura haka. A 24 ga Fabrairu 2022, harin da aka kai wa sadarwar tauraron ɗan adam ta kamfanin Viasat ya raba injinan iska kusan 5,800 a Jamus da masu kula da su. Sun ci gaba da juyawa, don an gina su su iya aiki su kaɗai, kuma haka ya kamata a gina kowace na'ura.

In an raba layin da intanet gaba ɗaya, ba shi ke nan ba?

Muguwar manhajar Stuxnet, da aka gano a 2010, ta shiga cibiyar nukiliyar Natanz a Iran wadda ba ta haɗe da intanet. Filashi da laftof ɗin ɗan kwangila sun isa gada. Kuma in aka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, da wuya a rasa wani modem da mai kawo kaya ya bari don ya riƙa gyara daga nesa.

Abin da ke aiki shi ne rabawa daki-daki, yadda ma'aunin tsaro na IEC 62443 ya tsara. Ofis dabam, ɗakin kula dabam, kowace tasha dabam, da tsaka-tsakin fili inda duk mai wucewa zai tsaya. Kada asusun ofis ya buɗe komai a ɓangaren SCADA. Sabar tantance ma'aikata ma kowane ɓangare da tasa. Mai shiga daga nesa ya bi ta kwamfuta ɗaya tilo, da shaida biyu, a buɗe masa na awannin aikin, a naɗi abin da ya yi, a rufe. Inda bayanai fita kawai suke yi, a sa na'urar hanya ɗaya, wadda ba ta da wayar dawowa ko kaɗan.

Me ya sa ba a yi wa na'urorin faci, wato gyaran manhaja, da zarar an gano rauni?

Rile yakan yi shekara 15 zuwa 20 yana aiki, kuma sabunta shi na nufin a fitar da shi daga aiki, a sake gwada kariyarsa. Ba a yin haka kowane wata. Sai a bi fifiko, kuma na farko shi ne duk abin da ke fuskantar intanet. A Mayu 2023 an shiga kamfanonin makamashi 22 a Denmak ta raunin katangar tsaron sadarwa ta kamfanin Zyxel, alhali facin ya riga ya fito. Abin takaici ne a ce mai gadin ne ƙofar. Na'urorin ciki da ba za su sabuntu ba kuwa, a taƙaita wanda zai iya yi musu magana zuwa adireshi ɗaya ko biyu.

Fasahar koyon na'ura za ta iya ɗauke wannan aiki?

Tana taimakawa wajen ganin saɓanin da ido ba zai kama ba, amma a yi lissafi tukuna. Tsarin da ke duba saƙo miliyan ɗaya a rana, yana kuskure sau ɗaya cikin dubu, zai buga ƙararrawar banza sau dubu kullum. Cikin mako guda ma'aikata za su daina dubawa. Ga shi hadari, faɗuwar bishiya a kan waya da aikin gyara duk suna kama da hari a idonta. A fara da ƙa'idoji bayyanannu irin na sama, a haɗa su da jadawalin aiki, sannan a ɗora koyon na'ura a kai.

An ga alamar kutse yanzu. Me za a fara yi?

A fara tabbatarwa ta hanyar da ba kwamfuta ba: a kira tashar ta rediyo ko waya, mutum ya karanto abin da ke fuskar bireka. In bireka na motsi ba da izini ba, a yanke duk hanyoyin shiga daga nesa, a raba ofis da ɗakin kula a wurin da aka riga aka yi wa alama, a tura ma'aikata su juya makunnin tasha daga "nesa" zuwa "gida", wanda ke sa ta daina karɓar umarni ta waya. Wace tasha za a fara zuwa, wa ke riƙe da makulli, duk a rubuce a takarda tun kafin ranar, domin jerin da ke cikin kwamfutar da aka goge ba shi da amfani.

Kada a kashe kwamfutar da ake zargi. A cire mata wayar sadarwa kawai, don shaidar da ke ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi tana ɓacewa da zarar an kashe. Kada a tattauna matakan ta imel ɗin kamfani, wataƙila maharin yana karantawa. Kafin a mayar da kowane rile kan aiki, a gwada saitinsa da kwafin da aka ajiye a wurin da ba ya haɗe da komai, domin rilen da aka taɓa zai yi shiru har ranar da layi ya samu matsala ya ƙi katsewa. Kalmomin sirri kuma a sauya su gaba ɗaya a lokaci guda, bayan an gano ta inda aka shigo. In aka yi su ɗaya-ɗaya, da wanda ya rage zai sake karɓe sauran.